Baba Sau Ɗaya Ya Rasu

Baba ya rasu ne da kaka, ana cikin cirar gyaɗa. Ya faɗi a gonarmu ta bayan gari da hantsi, aka ɗauko shi a amalanke zuwa gida. Kafin a sami motar da za ta yarda ta shigo ƙauyenmu rana ta yi tsaka, kafin su isa asibiti a Ɗanbatta kuma rai ya yi halinsa. Ni ina Kano a lokacin, ban fi 'yan watanni da kama aiki ba. Ƙauyen namu yana tsakanin Tsanyawa da Kunci, kuma ko da na iso har an dawo daga maƙabarta. Ban ga fuskarsa ba, abin ya daɗe yana ci na a rai.

A zaman makoki na fara jin abin da ya riƙa tayar mini da hankali. Mata na shigowa rukuni-rukuni, su durƙusa gaban Inna su yi mata gaisuwa, su yi wa Baba addu'a, sannan kafin su tashi kowace sai ta sassauta murya ta faɗi abin da ya kashe shi. Wata ta ce hawan jini ne, ai an daɗe da sani. Wata ta ce a'a, zazzaɓin nan ne da ya yi fama da shi a ƙarshen damina, bai sake shi ba. Maƙwabciyarmu ta ce rana ce ta buge shi, tsoho da sunkuyo tun asuba. Wata goggonmu kuwa, wadda ba ta taɓa yarda akwai ciwon asibiti a duniya ba, ta ce kowa ya san tsamiyar da ke gefen gonar ba ita kaɗai take zaune ba. Kowace ta gama sai ta rufe da cewa amma dai ajali ne, kwana ya ƙare. Ni kuwa tun ina ƙarama an san ni da saurin hawa, Baba kansa yakan ce da ana sayar da baki da ni zan ciyar da gidan. Sau da yawa na buɗe baki zan tambaye su wace ce likita a cikinsu, sai Inna ta ɗago ido ta dube ni, in haɗiye maganata.

Yaya ne ɗan fari a ɗakinmu, ni ce auta, 'yan'uwana mata da ke tsakaninmu kuma suna gidajen aurensu a wasu ƙauyuka. Shi ya zauna a gida yana noma tare da Baba, matarsa da 'ya'yansa suna sashen yamma. Inna mace ce da ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ta kira sunansa ba, ban kuma taɓa jin ta ce masa kai ba. Wancan take cewa, ko yaron nan, har gemunsa ya fara furfura. Kullum da safe zai zo ƙofar ɗakinta ya durƙusa ya gaishe ta, ita kuma ta amsa tana kallon bango. Idan tana da saƙo Baba take faɗa wa, ko da Yaya na tsaye a wurin. Sai ta ce Malam, a gaya wa yaron nan akuyar can ta ƙi cin dusa. Baba kuma ya juya ba ko murmushi ya maimaita masa, kamar Yaya kurma ne. Muna yara wannan abu dariya yake ba mu. Duk maganar da ke tsakanin Inna da ɗanta ta bakin Baba take bi, kuma babu wanda ya taɓa tunanin yadda za a yi in ba ya nan.

Ana gobe zan koma Kano, muna zaune ni da Inna a ɗaki muna ɓarar gyaɗa, tana cikin takaba, sai ta fara magana ba tare da ta dube ni ba. Ta ce tun farkon damina Baba ya daina shan maganin hawan jini, wai yana sa shi jiri idan ya sunkuya noma. Ya roƙe ta kada yara su ji, musamman mai bakin nan ta Kano, ita kuma ta yi masa biyayya ta yi shiru. Kullum tana ganin ƙwayoyin a cikin kwalla inda ta ajiye su, kullum tana cewa gobe za ta yi magana. Ta zubar da ɓawon da ke cinyarta, ta ce, "Ni ce sanadi."

Washegari Yaya ya ɗauke ni a babur zuwa bakin titi. Yaya ba mutum ne mai magana ba, in ka ga ya yi doguwar magana to a kan farashin taki ne ko ciwon shanu. Sai da muka fita gari, yana kallon gaba iska na kwashe rabin muryarsa, ya ce ranar nan da safe Baba ya ce kansa ya yi nauyi, ya ce da ma shi Yaya ya fasa zuwa kasuwar Ɗanbatta su ƙarasa gyaɗar tare. Shi kuma ya ce gobe ma rana ce, ya hau babur ya tafi, wayarsa kuma babu caji. Da babur ɗin na gida, in ji shi, da an kai Baba bakin titi tun da hantsi. Shi ma da wannan kalma ya rufe, ya ce shi ne sanadi, kuma ya san Inna ta sani.

Ni da nake fushi da matan makoki, da aka zo kaina ban sami abin faɗa ba sai nasu. Na ce wa Inna ajali ne, na ce wa Yaya ajali ne. Duk suka ce haka ne, irin haka ne ɗin da ake faɗa don a rufe magana. Na shiga mota na yi ta kuka har Kano, wata mata da ke kusa da ni tana ta ba ni haƙuri ba ta san ma me aka yi ba.

Aikin da na samu bayan na gama karatun lissafi a jami'a, a wani ofishin binciken lafiya ne. Idan 'yan ƙauyenmu suka tambaye ni me nake yi nakan ce lissafi, in yi shiru, domin in na ce matattu nake ƙirgawa za su ce boko ya taɓa ni. Amma gaskiyar ke nan. Sashenmu ƙiyastawa yake yi mutum nawa kowace cuta ke ɗauka a shekara, a jiha baki ɗaya da kuma kowace ƙaramar hukuma, don masu rabon magani da ma'aikatan lafiya su san inda za su fi karkata. Wahalar ita ce a irin wurarenmu mutum kan rasu da safe, kafin azahar an kai shi makwancinsa, babu likitan da ya duba shi, babu wanda ya rubuta komai. Abin da ke zuwa hannunmu guntu-guntu ne, ɗan abin da asibitoci suka rubuta, da amsoshin da ma'aikatanmu suka samo gida-gida daga bakin dangin mamata.

Duk wannan a kwamfuta ake zuba shi, a wani rumbun bayanai da aka tsara hawa-hawa. Jiha a sama, ƙananan hukumomi a ƙarƙashinta, mazaɓu a ƙarƙashinsu. Cututtukan ma haka, ciwon zuciya da jijiyoyin jini a sama, a ƙasansa shanyewar jiki da bugun zuciya da sauransu. Waɗanda suka ƙirƙiro tsarin suna kiran na sama mahaifi, na ƙasa 'ya'ya, mu kuwa a ofis uwa muke cewa. Idan wata ƙaramar hukuma ba ta da isasshen bayani, sai lissafin ya aro mata daga uwarta, har ranar da za ta sami abin faɗa da bakinta. Ranar da aka fara yi mini wannan bayani dariya na yi, na ce ashe har kwamfuta ta san zumunci.

Wadda ta koya mini aikin ita ce shugabar sashenmu, wata dattijuwar likita da ta bar duba marasa lafiya ta koma lissafi. Hajiya muke ce mata. Ba ta da hayaniya, amma idan ta sauke tabarau zuwa kan hanci ta dube ka, sai ka tuna duk kuskuren da ka yi tun firamare. Ni 'yar Kunci take kira na, duk da na sha gaya mata mun fi kusa da Tsanyawa. Ta ga saurin fushina tun makon farko, lokacin da na kusa marin kwamfuta, amma ba ta taɓa yi mini faɗa a kai ba. Cewa take yi in je in sha ruwa in dawo, lambobin suna nan suna jira na.

Abin da ta fi nanata mini shi ne abin da ake kira ambulan. Da farko na ɗauka maganar ɗan ambulan ɗin kuɗin nan ce da ake miƙa wa manya a wurin taro, har sai da ta zaunar da ni. Kowace cuta, in ji ta, tana da masu bincikenta, kuma kowa cutarsa yake gani a ko'ina. Mai zazzaɓin cizon sauro ya yi lissafinsa shi kaɗai ya kawo adadi, mai tarin fuka ya kawo nasa, mai hawan jini ya kawo nasa. Babu maƙaryaci a cikinsu, domin tsohon da ke da hawan jini kuma ya yi zazzaɓi kafin ya rasu, kowannensu zai ce nasa ne. Amma idan aka tara duka sai a ga waɗanda suka mutu a lissafi sun fi waɗanda aka binne. Saboda haka kafin a taɓa kowace cuta, sai an fara tsayar da jimillar duk waɗanda suka rasu a wurin, ko mene ne sanadinsu. Wannan jimilla ita ce ambulan, kuma ita ba ta motsi. Cututtukan ne za su matsa wa juna su shiga cikinta, wadda hujjarta ta fi rauni ita za ta fi rage jiki, sannan dole a bar wa sauran dalilan da ba a lissafa ba wurinsu. 'Ya'ya ma haka, in an tara su dole su yi daidai da uwarsu, ba ƙari ba ragi.

Na so aikin nan, kuma bayan rasuwar Baba shi ya rufa mini asiri. Da safe in na zauna gaban kwamfuta sai kaina ya cika da lambobi, ba ya samun sararin komawa gida. Abu ɗaya ne kawai, duk lokacin da na zo kan layin tsofaffin maza na ƙaramar hukumarmu sai in yi sauri in wuce, domin na san Baba yana ciki. Ina kiran Inna a waya ta ce lafiya lau, ina kiran Yaya ya ce lafiya lau. Na yarda da su don ina son in yarda.

Matar Yaya ce ta fasa ƙwan. Mace ce mai haƙuri da ba ta shiga abin da ba nata ba, shi ya sa da na ga kiranta da rana tsaka na san ba lafiya ba. Daga bayan rumbu take magana, don a nan ne kaɗai waya ke kamawa a gidanmu, kuma murya ƙasa-ƙasa. Ta ce Yaya ya gama shiri zai tafi Kudu da zarar Inna ta fita takaba, kuma ba cin rani ba ne, da ita da yara zai tafi, gonakin kuma zai ba da su aro. Ta ce ya rame, ba ya cin abincin kirki, da safe ya gaida Inna a tsaitsaye ya fice, ita ma amsar da take ba bango ta koma kalma ɗaya. Da labarin tafiyar ya kai kunnen Inna ta bakin wasu, abin da ta ce kawai shi ne yaron ya gano abin da ya gano, ba ta da bakin hana shi.

Na ajiye waya. Ni kaɗai a duniya na san me ke faruwa a gidan. Inna na ganin Yaya ya gano maganar magani, shi ya sa ba ya iya kallon ƙofarta. Yaya na ganin shirun Inna na maganar babur ne. Wanda zai ɗauki magana daga wannan ya kai wa wancan yana kabari. Idan Yaya ya tafi, Inna za ta tsufa ita kaɗai a cikin gida mai sashe biyu, tana ganin ita ta kashe mijinta kuma ita ta kori ɗanta.

A makon nan ne Hajiya ta ce in cire ambulan daga lissafin ƙaramar hukumarmu, in bar kowace cuta ta ɗauki son ranta, don in gani da idona abin da take faɗa mini. Na yi. Da kwamfuta ta gama, na tara cututtukan, na cire daga jimillar mamata don in ga abin da ya rage wa sauran dalilai, sai ga lamba ƙasa da sifili. Hajiya ta leƙo ta saman kafaɗata, ta sauke tabarau, ta tambaye ni ko a Kunci har tashi ake yi daga kabari, tunda ga shi lissafina na neman a dawo masa da wasu. Na fashe da dariya, ban san lokacin da dariyar ta juye ta zama kuka ba, a gaban abokan aiki, hanci da majina.

Ta ja ni ofishinta ta rufe ƙofa, ta zuba mini shayi daga fulas ɗinta, ta bar ni na gama kukana. Na kwashe labarin duka na faɗa mata. Sannan na roƙe ta, tunda likita ce, ta gaya mini kashi nawa ne na daina shan magani, kashi nawa ne na jinkirin mota. So nake in tafi gida da lamba a hannuna in ajiye musu, don a ganina lamba ce kaɗai ba a yi mata gardama. Ta girgiza kai.

"Ba zan iya ba, kwamfutar nan ma ba za ta iya ba. Ita maganar dubban mutane take yi, ba ta san mahaifinki ba. Abu ɗaya na tabbata, ke ma kin san shi. Sau ɗaya ya rasu. Innarki ta ɗauki rasuwar duka, yayanki ya ɗauke ta duka. Kin ga an sami biyu ke nan."

A lokacin haushi na ji. Na zo neman lamba an ba ni ɗaya, abin da ko ɗan aji ɗaya ya sani. Ta ga fuskata ta yi murmushi, ta ce in tattara in tafi gida, aikin ba zai gudu ba, kuma kada in dawo sai na ga hankalin Inna ya kwanta. Har yau idan na tuna matar nan sai na yi mata addu'a. Da ta so da ta ƙirƙiro mini lamba don ta rabu da ni, ni kuma da na ɗauka na kai gida na ƙara ɓata lamarin, domin duk yadda aka raba, wani zai ji nasa kason ya fi. Ta gaya mini iyakar abin da ta sani, ta tsaya a nan, kuma ta ba ni hutun da ban roƙa ba. Na gode mata a lokacin da baki, amma sai daga baya na gode mata da zuciya.

Na shiga motar Ɗanbatta, daga can na hau ƙaramar bas mai zuwa wajen Tsanyawa, an cusa mu da buhunan gishiri da wata tunkiya da ta yi ta taka mini ƙafa. Bazara ta fara, zafi kamar a cire riga. Ina ta juya maganar Hajiya a raina sai matan makoki suka faɗo mini. Kowace ta zo da sanadinta, kamar masu bincikenmu, amma babu wadda ta tashi ba ta mayar da shi cikin ajali ba. Ashe da wannan kalma suke hana kowa ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa. Ni na faɗa wa Inna da Yaya ita a matsayin abin rufe baki, su ma suka karɓe ta a haka. Na ji na huce da matan nan, har da goggo, ko da yake maganar tsamiya har gobe ban yarda ba.

Daga titi ɗan acaɓa ya ratsa da ni ta cikin gonaki. A wajenmu babu daji, gona tana jingine da gona har inda ido ya tsaya, sai gawo da ya yi kore shar a tsakani. Mutane sun fara kai taki, kowace gona da tsibi-tsibinta baƙi a jere suna jiran ruwa. Da muka zo ta bayan gari na ga tamu fayau, babu ko tsibi ɗaya. A nan na tabbata da gaske Yaya yake.

Inna ta fita takaba 'yan kwanaki kafin zuwana. Ta rame har wuyanta ya fito, ta yi murna da ganina amma murnar ba ta kai ido ba. Matar Yaya ta ja ni ɗakinta ta nuna mini jakunkuna a ɗaure a bayan gado. Yinin nan ban ce komai ba, ni da kaina na yi mamakin kaina. Na ci tuwo, na yi wasa da yara, na kwanta a ɗakin Inna ina shirya kalmomi masu daɗi da ladabi waɗanda zan faɗa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai shirin jarrabawa.

Da safe ina dama mata koko sai na ji takunsa. Ya cire takalmi ya durƙusa a bakin ƙofa, bayan labule, ya ce Inna ina kwana. Ta amsa wa bango da kalma ɗaya. Na ji yana shirin miƙewa, sai zuciya ta ɗebe ni, duk kalmomin da na shirya suka watse. Na tashi na yaye labulen gaba ɗaya na rataye shi a kan ƙyaure.

"Yaya, zauna. Inna, ki yafe mini, yau zan yi rashin kunya."

Babu wanda ya sa ni rantsuwar yin shiru a cikinsu, kuma duk sun san irin bakina tun kafin su zaɓe ni su faɗa mini. Na tsaya a tsakani, ƙafa ɗaya a ɗaki ɗaya a waje, na gaya wa Yaya abin da Inna ta ce mini muna ɓarar gyaɗa, na gaya wa Inna abin da Yaya ya ce mini a kan babur. Ban rage ba ban ƙara ba. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Yaya ya kafe ƙasa da ido.

Yaya ne ya fara magana, kuma ni ya fuskanta. Ya ce maganar magani ai ya sani tun damina. Baba ya gaya masa suna noman farko, ya ce kada ya bari Inna ta ji, hankalinta zai tashi. Inna ta saki mayafin, ta ce da ni ita kuma cewa ya yi kada yara su ji. Na riƙe baki na ce wato Baba ya ɗauki sirri ɗaya ya raba gida biyu, ya bar kowa yana gadinsa daga wanda ya riga ya sani.

Sai Inna ta gyara zama. Ta ce, "Ki gaya wa wancan, bayan fitarsa Malam ya shigo ya sha fura. Ya ce gara ma da ya tafi, buhunan zuba gyaɗa sun ƙare. Da dariyarsa ya fita gona."

Ban maimaita ba, domin na ga kafaɗun Yaya sun fara rawa. Na zauna a kan dokin ƙofa na yi musu bayanin aikina a karon farko, yadda in muka tara sanadi muka ga ya fi waɗanda aka binne ba ma cewa wani ya yi ƙarya, kowa dai rage nasa yake yi. Na ce ban zo in ce babu ruwan kowa ba, domin ban sani ba, likitar da ta koya mini ma ta ce ba ta sani ba.

"Amma ku matsa," na ce. "Akwai hawan jinin shekara da shekaru. Akwai tsufa. Akwai nisan asibiti da hanyar da mota ba ta son shiga. Akwai taurin kan Baba shi kansa. Akwai abin da Allah kaɗai ya sani. Duk a cikin rasuwa ɗaya za su shiga. Ina kuka ga wurin da mutum ɗaya zai ɗauke ta duka?"

Inna ta harare ni ta ce wato uban nawa ne mai taurin kai? Sai dariya da hawaye suka zo mata tare, ta ce wallahi yana da shi, Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Muka ce amin. Ta ce duk da haka da ta yi magana, na ce da Yaya ma ya yi magana, da ni ma na riƙa tambaya in na zo. Ban ce nauyin ya sauka duka ba, har yau nakan ga ta yi jim in aka ambaci hawan jini. Amma na ga ta ja numfashi irin wanda ban ga ta ja ba tun kaka.

Kokon ya huce a kwano babu wanda ya taɓa. Inna ta share fuska da bakin zane, ta mayar da ido kan bangonta, ta ce da ni, "Ki tambayi wancan, wa zai kai taki gonar bayan gari bana?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Na hango matarsa tsaye a ƙofar sashensu da tsintsiya a hannu, ta daina shara. Can ya gyara murya.

"Ki ce mata gobe zan fara."

Na juya zan isar da saƙo kamar yadda Baba ke yi, har na buɗe baki, sai Inna ta riga ni. Ba ta ɗauke ido daga bango ba.

"Na ji. Allah ya yi maka albarka."

Maka ta ce. Yaya ya ɗago kai kamar ba da shi ake ba, ya ce amin cikin muryar da ban san shi da ita ba. Ya miƙe ya fita da sauri, ya manta takalmansa a ƙofar ɗaki. Na ɗauka na bi shi da su.